Kogin da aka shekara arba'in ana wankewa

Na fara jin sunan jihar Idaho ta Amurka ne a garin Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka, a shekarar 2013, lokacin da ake aikin kankare ƙasar gidaje saboda gubar dalma. Na je gaida wata gwaggota da ke aure a can, sai na tarar an fitar da kayan ɗakinta kaf an jibge a ƙofar gida, da gado da tabarmi da tukwane da kwanonin jere, samari kuma suna ta kankarar tsakar gidan da fartanya suna ɗurawa a buhuna. Wani ma'aikaci yana biye da su riƙe da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, yakan dafa bakinta a ƙasa ya jira 'yan daƙiƙoƙi har lamba ta fito, sannan ya ce a ƙara kankarewa ko kuma a matsa gaba. Abin da suke cirewa bai wuce kaurin yatsu uku ba, kimanin santimita 5, kuma a ido babu abin da ya raba wannan ƙasa da ta kowace tsakar gida da na taɓa shiga. Da na tambayi inda masu koyar da aikin suka fito, sai aka ce mini daga Idaho, na yi ta mamakin abin da ya haɗa mutanen ƙasar dusar ƙanƙara da turɓayar Zamfara.

Amsar ita ce su ma dalma ta ci 'ya'yansu. Kamfanin TerraGraphics, wanda Ian von Lindern da Margrit von Braun suka jagoranta, ya shafe shekaru masu yawa yana aikin tsabtace wani kwari a arewacin Idaho da ake kira Kwarin Azurfa, kuma dabarar da aka yi amfani da ita a gidan gwaggona a can aka koyo ta, aka rage mata tsada, aka mayar da ita aikin fartanya da baro. Bayan wasu shekaru wata tafiyar karatu ta kai ni kusa da yankin, na ware kwana biyu na je na ga wurin da idona. Na tafi ne da tunanin zan ga aikin da aka gama aka rufe littafinsa, amma abin da na tarar shi ne motocin tifa suna ta jigilar ƙasa kamar jiya aka fara.

Kogin da ake magana a kansa sunansa Coeur d'Alene, mutanen wurin suna furta shi kusan kamar "Kodalen". Reshensa na kudu yana fitowa ne daga duwatsun da ke kan iyakar Idaho da Montana, ya bi ta garuruwan Mullan da Wallace da Kellogg da Smelterville, ya haɗu da reshen arewa, sannan ya sauka fili ya yi ta lanƙwasa cikin fadamu da ƙananan tafkuna har ya zuba a babban tafkin Coeur d'Alene. Daga ɗaya bakin tafkin kuma kogin Spokane ya fita ya shiga jihar Washinton. An fara haƙar ma'adinai a kwarin a shekarun 1880, kuma labarin da mutanen Kellogg ke bayarwa shi ne cewa jakin wani mai neman arziki, Noah Kellogg, shi ne ya ɓace a 1885, da aka je nemansa aka same shi tsaye kan dutsen da ya zama mahaƙar Bunker Hill. Har yau suna yi wa kansu ba'a da cewa jaki ne ya kafa garinsu. Ko ma yaya abin ya kasance, an fitar da azurfa fiye da oza biliyan ɗaya daga wannan kwari, ban da dalma da tutiya masu ɗimbin yawa. Dutsen da ke ɗauke da dalmar kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin irinsa ne ake niƙawa a yi tozali, kuma irinsa ne ya cakuɗa da zinaren Anka da Bukkuyum.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake sarrafa ma'adini ba zai yi wuya ya gane yawan sharar da ake bari. Ana farfasa dutse a niƙa shi, a tsame ɗan abin da ake so, sauran kuma, wanda shi ne kusan duka, ya zama dusa. A shekarun farko niƙan bai yi laushi ba kuma tsamewar ba ta da inganci, saboda haka dusar tana fita da dalma mai yawa a cikinta. Daga baya aka samo dabarar niƙa dutsen ya yi laushi kamar garin fulawa domin a tsame ƙarfen sosai, sai dai wannan garin mai laushi ya fi tafiya nesa idan ruwa ya ɗauke shi. Kamfanonin suna zuba dusar kai tsaye cikin kogi da rafukan da ke shiga cikinsa, kuma ba a daina hakan ba sai a 1968. An ƙiyasta cewa fiye da tan miliyan 50 na dusa ne ya shiga ruwan a tsawon waɗannan shekaru, har ya kai mutanen yankin suna kiran reshen kudu da sunan Rafin Dalma saboda yadda ruwansa yake fita toka-toka. Tun farkon ƙarni na 20 manoman da ke ƙasa suka fara kai ƙara cewa dawakansu da shanunsu suna mutuwa bayan ambaliya, kamfanonin kuwa suka ɓullo da dabarar biyan mai gona 'yan kuɗi ya sa hannu a takarda cewa ya amince a gurɓata masa fili. Sun kuma gina madatsai na katako don tare dusar, ambaliya ta zo ta ɓalle su ta tafi da abin da suka tara.

Abin da ya tona asirin kwarin ga duniya kuwa hayaƙi ne. Masana'antar narka dalma ta Bunker Hill, wadda ta fara aiki a 1917, tana da wani gini mai cike da buhunan ƙyalle da ke tace hayaƙi kafin ya fita. A watan Satumban 1973 gobara ta cinye wani babban ɓangare na wannan matata, amma kamfanin Gulf Resources da ke da masana'antar a lokacin ya ci gaba da narka dalma har tsawon watanni, saboda farashinta ya tashi a kasuwa. Takardun da suka fito daga baya a shari'a sun nuna cewa shugabannin kamfanin sun zauna sun lissafa abin da diyyar yara za ta iya cin su, suka gwada da ribar da za su samu. Da aka gwada jinin yara a 1974, kusan duk waɗanda ke zaune kusa da masana'antar sun haura maikirogiram 40 a kowace desilita ta jini, alhali a yau hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana fara sa ido kan yaro ne tun daga 3.5, kuma likitoci sun yi ittifaƙi cewa babu wani adadi na dalma da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro. An rufe masana'antar a 1981, kimanin ma'aikata 2,000 suka rasa abin yi, sannan a 1983 gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin jerin wuraren da suka fi gurɓacewa a ƙasar ƙarƙashin dokar da ake kira Superfund, wadda aka kafa a 1980 don tilasta wa mai ɓarna ya biya kuɗin gyara. Daga nan ne ake ƙidayar shekarun da na ambata a kan wannan rubutu.

An fara ne da inda yara suke wasa, kuma a ganina an yi daidai. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta shata wani fili mai murabba'in mil 21 a kewayen masana'antar, wanda kowa a wurin yake kira "Akwati", aka shiga bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Duk farfajiyar da dalmar ƙasarta ta haura kashi 1,000 cikin miliyan, sai a kwashe har zurfin inci 12, a shimfiɗa wani ƙyalle mai ƙarfi a matsayin alama, a zubo sabuwar ƙasa a kai, a dasa ciyawa. An yi wa gidaje da makarantu da filayen wasa fiye da 7,000 irin wannan aiki a faɗin kwarin. An rushe masana'antar, a 1996 kuma aka tayar da dogayen bututunta na hayaƙi da nakiya, aka binne ɓaraguzan a wurin. Tsaunukan da hayaƙi ya ƙone suka zama ƙwal aka sake dasa musu itatuwa. Har tsohon layin dogo, wanda jiragen ƙasa suka shekara suna zubar da garin ma'adini a gefensa, an cire ƙarafunansa an malala masa kwalta ya zama hanyar kekuna mai tsawon fiye da mil 70, kuma kwaltar ita ce murfin gubar da ke ƙasa. Na hau keken haya na bi wani yanki na wannan hanya, kuma ko'ina akwai alluna da ke gargaɗin kada a sauka daga kwalta, kada a bar yara su yi wasa da laka a bakin ruwa, a wanke hannu kafin a ci abinci. Sakamakon wannan aiki na gidaje a bayyane yake, domin dalmar jinin yaran kwarin ta sauko har ta kusanci ta sauran yaran ƙasar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Kellogg shi ne wani ƙaramin ofishi na hukumar lafiya ta yankin. Duk wanda zai yi haƙa a filinsa, ko ginin ɗaki zai yi ko binne bututun ruwa, sai ya je can ya karɓi izini, a gaya masa yadda zai yi da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙyallen nan, da inda zai kai ta, da yadda zai mayar da murfin. A wannan ofishi ne ake gwada jinin yara kyauta kowace shekara, kuma a nan ne ake ba magidanta aron injin zuƙe ƙura mai matata ta musamman. Dalilin wannan tsari shi ne dalma ba ta ruɓewa. Man fetur idan ya zube ƙwayoyin halitta sukan cinye shi sannu a hankali, amma dalma ƙarfe ce, yadda aka bar ta yau haka za a same ta bayan shekara ɗari. Saboda haka abin da ake kira tsabtacewa a irin wannan wuri ɗauke ta ne daga inda yaro zai taɓa a kai inda ba zai taɓa ba, a rufe, sannan a sa mai gadi. Wannan ofishi shi ne mai gadin, kuma babu ranar da aka sa zai tashi daga aiki.

Gida dai yana da katanga, ana iya auna shi a kankare a ce an gama. Kogi kuwa ba ya tsayawa a yi masa aiki, kuma a nan ne labarin ya yi nauyi. A 2002 Hukumar Kare Muhalli ta faɗaɗa aikin ya fita daga Akwati ya haɗa da kwarin gaba ɗaya, da tsarin shekara 30 na kimanin dala miliyan 359, sannan a 2012 ta sake fitar da wani tsari na dala miliyan 635 don saman kwarin kaɗai. Mutanen yankin da dama sun yi adawa da wannan faɗaɗawa, suna cewa sunan gurɓatacce zai kori masu yawon buɗe ido, ya karya darajar gidajensu, ya kuma hana mahaƙun da suka rage numfashi. Ban ga laifinsu sosai ba, domin na ji irin wannan magana a bakin masu haƙar zinare a Zamfara, waɗanda suke ganin duk mai zancen guba abincinsu yake so ya toshe. Sai da aka kira majalisar masanan kimiyya ta ƙasar ta bincika aikin hukumar, a 2005 ta fitar da rahoton da ya amince da mafi yawan hujjojinta kan lafiyar mutane.

Gubar tana shiga kogin ta hanyoyi da yawa. Akwai ruwan da ke fitowa daga cikin tsohuwar mahaƙar Bunker Hill kanta: ruwan sama da na ƙanƙara yana ratsa ramukan da aka haƙa, ya haɗu da iska da duwatsu masu ƙibiritu, ya zama asid, asid ɗin kuma ya narkar da tutiya da kadmiyam da dalma ya fito da su. Ba za a iya hana ruwa shiga dutse ba, saboda haka tun 1974 aka gina matatar ruwa a Kellogg inda ake zuba wa ruwan farar ƙasa don ta kashe tsamin, ƙarafan su kwanta su zama taɓo, a kwashe taɓon a ajiye, a saki ruwan. A 'yan shekarun nan an faɗaɗa matatar aka haɗa mata da rijiyoyin da ke tsotso gurɓataccen ruwan da ke bi ta ƙarƙashin babban tulin dusar da ke gefen garin. Wannan matata dole ta yi aiki dare da rana, a saya mata farar ƙasa, a biya wutar lantarki da albashi, muddin ana ruwan sama a kan wannan dutse. Akwai kuma tarin dusar da aka bari a kwazazzabai irin su Canyon Creek da Ninemile Creek, wanda ake kwasowa da tifa a tara a wuri guda mai tudu, a rufe da leda mai kauri da ƙasa. Motocin da na gani ke nan.

Mafi wuya a ciki shi ne ƙasan kogin, daga garin Cataldo zuwa tafki, inda ruwa ya yi sanyin gudu ya ajiye abin da ya ɗauko. Shekara tamanin na dusa ta kwanta a gindin kogin da gaɓoɓinsa da fadamun da ke kewaye, kuma duk lokacin da ruwan sama ya sauka a kan dusar ƙanƙara ya narkar da ita a lokaci guda, sai kogin ya cika ya tono wannan laka ya sake watsa ta. A ranar 18 ga Janairun 2011 masu auna ruwa na gwamnati sun ƙiyasta cewa kimanin tan 160 na dalma ne ya shiga tafkin cikin yini guda. Ma'anar wannan ita ce filin da aka tsabtace bana a bakin kogi, ambaliyar baɗi tana iya mayar da shi yadda yake, shi ya sa masu aikin suka dage cewa sai an fara daga sama a gangaro, ko da yake mutanen da ke ƙasa suna ƙorafin an bar su a baya. Waɗanda suke biyan kuɗin wannan jira da rayukansu su ne wasu manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, dangin dinya, waɗanda ke yada zango a fadamun kowace bazara a kan hanyarsu ta zuwa Alaska. Sukan zura wuya cikin laka suna neman saiwoyi, su haɗiyi dalma tare da abincin, hanjinsu ya daina aiki, su mutu da yunwa alhali abinci yana cike da maƙogwaronsu. A wasu shekaru akan tsinci gawarwakinsu ɗaruruwa. Dabarar da aka samo zuwa yanzu ita ce a sayi gonakin da ƙasarsu ke da tsabta ko a tsabtace su, a mayar da su fadama, da fatan tsuntsayen za su fi son sauka a can.

Sai kuma tafkin. Wanda ya tsaya a bakinsa a garin Coeur d'Alene, ya ga ruwa garai-garai da jiragen shaƙatawa da gidajen masu kuɗi a kan tudu, ba zai taɓa zaton cewa kimanin tan miliyan 75 na gurɓatacciyar laka na kwance a ƙarƙashinsa ba. An yanke shawarar kada a taɓa ta, domin yasar ta zai tayar da gubar cikin ruwa, kuma babu inda za a kai abu mai wannan yawa. Abin da ke riƙe ƙarafan a cikin lakar shi ne iskar oksijin da ke cikin ruwan ƙasan tafkin. Idan takin zamani da ruwan masai da zaizayar ƙasa suka ƙara wa tafkin sinadarin fosfaras, gansakuka za ta yi yawa, idan ta mutu ta nutse ruɓewarta za ta shanye iskar, ƙarafan kuma su sami hanyar narkewa su hau sama. Ke nan mai zuba taki a lambun gidansa a bakin tafki yana da hannu a makomar sharar da aka zubar tun kafin a haifi kakansa. Ƙabilar Coeur d'Alene, mutanen asalin wurin, waɗanda kotun ƙolin Amurka ta tabbatar musu a 2001 cewa kashi ɗaya cikin uku na kudancin tafkin nasu ne, sun kai kamfanonin ƙara a 1991. Sun shiga yarjejeniyar kula da tafkin tare da gwamnatin jiha a 2009, amma a 2019 suka fice suna cewa ana ta aune-aune ba a ɗaukar mataki. Suna da wata saiwa mai kama da dankali da suke tonowa a laka tun kaka da kakanni, kuma dole ta sa suka daina tono ta a fadamun ƙasan kogin.

Duk wannan aiki kuɗi ne ke tafiyar da shi, kuma yadda aka samo kuɗin darasi ne mai zaman kansa. Kamfanin da ya yi ɓarnar 1973 ya kwashe dukiyarsa zuwa ƙasashen waje ya durƙushe a farkon shekarun 1990, bai biya wani abin kirki ba. Sauran kamfanonin sai da aka shafe kusan shekara ashirin ana shari'a da su. A 2009, cikin shari'ar karyewar kamfanin Asarco, aka ware wa kwarin fiye da dala miliyan 400, a 2011 kuma kamfanin Hecla ya amince ya biya kimanin dala miliyan 263. Abin da ya burge ni shi ne ba a zuba kason Asarco cikin baitulmali ba, an sa shi a asusun amana da ake juyawa, ana cire wani ɓangare kowace shekara a yi aiki da shi, domin waɗanda suka tsara abin sun san cewa aikin zai fi su tsawon rai.

Idan na dawo gida da wannan ma'auni, sai in ga cewa abin da aka yi a Zamfara abin yabo ne ƙwarai a fannin kwashe ƙasa. A watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta lura da yadda yara ke mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma an ƙiyasta cewa kimanin yara 400 ne suka rasu. Magidanta suna kawo dutsen zinare gida, mata suna daka shi a turmin da ake daka hatsi, ana niƙa shi a injin niƙan gari, ana shanya shi a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Na'urar gwajin jini da aka fara zuwa da ita iyakarta maikirogiram 65, kuma jinin yara da yawa ya wuce abin da take iya karantawa. An fara da Dareta da 'Yargalma kafin damina ta sauka, aka bi da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru, Bagega kuwa ta jira har 2013 saboda jinkirin sakin kuɗin gwamnatin tarayya, sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka yi ta matsa lamba a kafafen sada zumunta. Jiran nan ya yi tsada, domin likitoci ba sa ba yaro maganin fitar da dalma idan gidan da zai koma bai tsabtata ba. A ƙarshe an kwashe ƙasa fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje 820 da filayen jama'a da kududdufai a ƙauyuka takwas, kuma matsakaicin dalmar jinin ƙananan yara ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu. Abin da Amurka ta yi da katafila, mutanenmu sun yi shi da fartanya.

Inda muka gaza shi ne wajen gadi. Babu wani ofishi da magidanci zai je kafin ya tona tsakar gidansa, babu asusun amana, kuma babu wani babban kamfani da za a kai kotu, domin masu haƙar talakawa ne da noma ya kasa ciyar da su, masu sayen zinaren kuwa ba su bar adireshi ba. Gidajenmu na ƙasa ne, kuma a wasu wurare daga kududdufin da aka wanke dutse aka ɗebo taɓon da aka yi tubali da yaɓe, damina kuwa kowace shekara sai ta zaftare wani abu daga jikin bango ta mayar tsakar gida. Mai haƙa yana dawowa daga daji da ƙura a rigarsa, ya ɗauki ɗansa. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja ta kashe yara 28, a 2022 kuma MSF ta miƙa aikinta na dalma ga hukumomin Zamfara ta janye, a daidai lokacin da rashin tsaro ya sa ma'aikacin lafiya ba ya iya shiga ƙauyuka da yawa. Ruwan da ke gangarowa daga waɗannan ƙauyuka Gulbin Zamfara da Gulbin Ka yake nufa, su kuma su zuba a Gulbin Sakkwato, ya kai Kwara, kuma a kan hanya akwai fadamun da ake noman shinkafa da albasa da mashayar shanu. Mutanen Idaho sun shekara tamanin suna zubawa kafin su daina, mu kuwa muna cikin shekarun farko ne, lokacin da hana wanke dutse a bakin gulbi da tona masa rami na musamman bai kai kuɗin tifa goma ba.

Gwaggona ta bar Bagega tuni, tana zaune a cikin garin Anka wurin babban ɗanta. Da na dawo daga tafiyar na kira ta a waya na ce, "Gwaggo, na je garin mutanen nan da suka kankare miki tsakar gida." Ta yi dariya ta ce, "Allah sarki, ɗan nan, to su can sun gama nasu?" Na ce mata ba su gama ba, har yanzu motoci suna kwasar ƙasa, kuma a ƙasan tafkinsu akwai wadda suka ce ba za su taɓa ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce wanda ya karɓi gidan nata ya tona tsakar gidan bara ya kwaɓa ƙasa ya ƙara ɗaki biyu, domin ya yi amarya.